Yaɗuwar Ingilishi a Matsayin Harshe na Biyu: Me Ya Kawo Ta, Kuma Wa Take Amfana?

A cikin shekarar 2025 kaɗai, gwamnatoci uku a Afirka ta Yamma sun yanke hukunci a kan harshe, kuma duk wanda ya jera hukunce-hukuncen wuri guda zai ga kamar kowace gwamnati ta fuskanci wata alƙibla dabam. A watan Maris mahukuntan soja na Jamhuriyar Nijar suka fitar da sabuwar dokar sake gina ƙasa, wadda ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A watan Oktoba ministan ilimin Gana, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin a riƙa koyar da ƙananan yara da harsunan gida. Bayan 'yan makonni kuma, a watan Nuwamba, takwaransa na Nijeriya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin da aka amince da shi a 2022 na koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya ce daga yanzu da Ingilishi za a koyar a kowane mataki. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi rungumar wancan tsari. Duk da bambancin matakan, babu ko ɗaya daga cikin ƙasashen uku da ta ce ta yafe Ingilishi, har Nijar da Ingila ba ta taɓa mulka ba.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu tana tasowa ne daga haɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne. Harshen uwa shi ne wanda yaro ya buɗi baki da shi a gida. Harshe na biyu shi ne wanda mutum ya koya daga baya, kuma yake da aiki a rayuwar ƙasarsa ta yau da kullum, kamar yadda Ingilishi yake a kotuna da ofisoshi da jaridun Nijeriya ko Indiya. Harshen waje kuwa darasi ne da ake koya domin hulɗa da baƙi, kamar Ingilishi a Jafan ko Masar. Masanin harshe ɗan asalin Indiya, Braj Kachru, ya zana wannan rabo a 1985 da da'irori uku: ta ciki ta ƙunshi ƙasashen da Ingilishi ne harshen gida na yawancin jama'a, irin su Ingila da Amurka da Ostareliya, ta tsakiya ta ƙunshi tsoffin ƙasashen da Ingila ta mulka, ta waje kuma, wadda ta fi saurin faɗaɗa, ta ƙunshi sauran duniya. Ƙididdigar Ethnologue, kundin bayanan harsunan duniya, tana nuna cewa masu jin Ingilishi sun kai kimanin biliyan ɗaya da rabi, amma waɗanda harshen uwarsu ne ba su cika miliyan 400 ba. Ke nan a cikin kowane mutum huɗu da ke magana da shi, uku koyonsa suka yi.

Akwai kuma bambanci tsakanin harshen ƙasa, wanda galibi alama ce ta asali da haɗin kai, da harshen aiki, wanda da shi ake rubuta wasiƙun gwamnati da dokoki. Amma bambancin da ya fi kowanne tasiri a rayuwar yaro shi ne tsakanin koyar da Ingilishi a matsayin darasi da kuma koyar da lissafi da kimiyya da sauran darussa da Ingilishi. Ƙasa tana iya yin na farko da matuƙar ƙwazo ba tare da ta yi na biyu ba. Hukuncin Nijeriya da na Gana duk a kan na biyun suke. Ba wanda ya ce a daina koyar da Ingilishi.

Yadda harshen tsibiri guda ya cika duniya

A wajajen shekarar 1600 masu magana da Ingilishi ba su kai miliyan goma ba, kuma kusan dukkansu a tsibiran Birtaniya suke. Mulkin mallaka ne ya fara kai harshen nesa. A Indiya, takardar da jami'in mulkin mallaka Thomas Macaulay ya rubuta a 1835 ta sa aka karkata kuɗin ilimi zuwa karatu da Ingilishi, da nufin samar da rukunin 'yan ƙasa da za su zama tafintoci tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Sai dai Turawan ba su taɓa nufin kowa ya iya harshensu ba. Akawuna da malamai kaɗan suke bukata. A Arewacin Nijeriya ma, makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, kuma ƙwarewa a Ingilishi ta zama rabon tsirarun da suka kai Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920. Saboda haka yawancin masu jin Ingilishi a Afirka da Asiya sun koye shi ne bayan tafiyar Turawa, lokacin da gwamnatocin 'yan ƙasa suka faɗaɗa makarantu.

Daular Birtaniya ta rushe, amma harshen bai bi ta ba kamar yadda harshen Holan ya kusan ɓacewa a Indonesiya, domin ƙasar da ta gaji jagorancin duniya ita ma da shi take magana. Tun a 1919 aka rubuta yarjejeniyar Versailles da Ingilishi da Faransanci, abin da ya karya keɓantaccen matsayin da Faransanci ya daɗe yana riƙe da shi a harkar diflomasiyya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta zama cibiyar kuɗi da masana'antu da bincike. Jamusanci, wanda a da duk mai son ilimin sinadarai sai ya koya, ya ja baya bayan yaƙe-yaƙen biyu da kuma ƙaurar masana da dama daga Jamus tun daga 1933. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na maƙalun kimiyya da ke cikin manyan rumbunan mujallu da Ingilishi ake buga su. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar amfani da Ingilishi tun 1951, daga 2008 kuma ta wajabta wa matuƙa da masu ba jirage hanya su nuna shaidar iya shi. Kwamfuta da intanet sun girma a Amurka, har yau kuma kusan rabin shafukan intanet da Ingilishi aka rubuta su. Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta sa makarantun Gabashin Turai suka sauya Rashanci da Ingilishi, sannan a 2001, shekarar da ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙasar Sin ta fara shigar da shi tun daga aji uku na firamare.

Daga nan abin ya fara ciyar da kansa. Harshe kamar kasuwa yake: inda jama'a suka fi taruwa, nan kowane ɗan kasuwa yake kai hajarsa, zuwansa kuma yana ƙara jawo wasu. Ɗan Koriya da ɗan Turkiyya da suke ƙulla ciniki da Ingilishi ba don ƙaunar Landan suke yi ba. Ƙungiyar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, ASEAN, ta rubuta a kundinta na 2007 cewa Ingilishi ne harshen aikinta. Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, amma Ingilishi ya ci gaba da zama harshen da aka fi aiki da shi a ofisoshin tarayyar da ke Brussels.

Dalilin da ya sa 'yantattun ƙasashe suka riƙe shi

A ƙasashe masu yawan ƙabilu, fifita harshen gida guda yakan zama fifita ƙabila guda a idon sauran. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya ba Ingilishi wa'adin shekara 15 kafin Hindi ya karɓe shi, amma da wa'adin ya cika a 1965 sai tarzoma ta ɓarke a yankin Tamil na kudu, aka rasa rayuka, gwamnati ta bar Ingilishi a matsayinsa har yau. Nijeriya mai harsuna sama da 500 ta bi irin wannan hanya: sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce da Ingilishi Majalisar Tarayya za ta yi aiki, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, tanadin da har yanzu bai tabbata a aikace ba. Singafo ta fi kowa nisa, domin daga 1987 dukkan makarantunta da Ingilishi suke koyarwa, kuma ƙidayar 2020 ta nuna kusan rabin jama'arta shi suka fi yi a gida. Sudan ta Kudu kuwa ta zaɓe shi a 2011 ne domin nesanta kanta da Larabcin Khartoum.

Ƙasashen da Ingila ba ta mulka ba

Abin da ya fi jan hankali a shekarun nan shi ne yadda ƙasashen da suka saba aiki da Faransanci suke juyowa. Ruwanda ce misali mafi bayani. Kusan kowa a ƙasar yana jin Kinyarwanda, saboda haka hujjar yawan ƙabilu ba ta shafe ta ba. Amma shugabannin da suka karɓi mulki bayan kisan kiyashin 1994 da yawansu a Yuganda suka tashi, dangantaka da Faransa ta yanke a 2006, ƙasar ta shiga Ƙungiyar Gabashin Afirka a 2007, sai a 2008 gwamnati ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Ingilishi, a 2009 kuma ta shiga Commonwealth, ƙungiyar da galibin membobinta ƙasashe rainon Ingila ne. Malaman da suka yi karatunsu da Faransanci suka wayi gari ana bukatar su koyar da harshen da su ma suke koyo. A 2011 aka mayar da azuzuwa uku na farko zuwa Kinyarwanda, a ƙarshen 2019 aka sake komawa Ingilishi tun daga aji ɗaya. Yaron da ya shiga firamare a farkon wannan lokaci da ƙanensa da ya shiga a ƙarshe ba su bi tsari ɗaya ba, kuma irin wannan kai-komo shi kansa asara ce, ko wane tsari ne ya fi.

Aljeriya ta fara koyar da Ingilishi a aji uku na firamare a 2022, bayan Shugaba Abdelmadjid Tebboune ya kwatanta Faransanci da ganimar yaƙi, ya ce Ingilishi ne harshen duniya. A shekarar ce Gabon da Togo suka shiga Commonwealth a taron Kigali. Mali ta sauke Faransanci zuwa harshen aiki a tsarin mulkinta na 2023, Burkina Faso ta yi haka ta kuma ƙara Ingilishi a gefensa, sannan a Maris na 2025 ƙasashen biyu da Nijar suka sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci. A waɗannan wurare Ingilishi yana cin gajiyar wani abu da ba ya samu a Kenya ko Indiya: ba shi ne harshen wanda ya mallake su ba, don haka rungumarsa tana iya zama saƙon siyasa ga Faris.

Abin da kowane ɓangare yake cewa

Masu goyon bayan a fara da Ingilishi tun da wuri suna da hujjoji masu nauyi. Jarrabawa da shi ake yi, littattafan jami'a da shi suke, kuma manyan ayyuka shi suke nema. Suna cewa 'ya'yan masu hali suna samunsa a makarantun kuɗi ko da wane tsari gwamnati ta kafa, don haka hana ɗan talaka shi a makarantar gwamnati ƙara nisa ne tsakaninsu. Suna kuma tambayar da wane harshe za a koyar a aji guda na Jos ko Yola ko Legas inda yara suka fito daga gidaje masu harsuna goma, da kuma wa zai biya kuɗin buga littattafai da horar da malamai a ɗaruruwan harsuna. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa Filifin ta janye tsarinta na koyarwa da harshen uwa a 2024, bayan ta shafe fiye da shekara goma tana gwada shi.

Masu suka kuma kashi biyu ne. Akwai masu kallon abin ta fuskar iko, irin su masanin harshe Robert Phillipson, wanda tun 1992 ya kira yaɗuwar Ingilishi mulkin mallaka ta hanyar harshe, yana nuni da ribar da ƙasashen Ingilishi suke ci daga jarrabawar gwada iya Ingilishi ta IELTS da TOEFL da littattafai da kuɗin makarantar ɗaliban waje, alhali 'ya'yansu ba sa ɓata shekaru wajen koyon harshen kowa. Akwai kuma masana ilimi, waɗanda ba sa adawa da Ingilishi ko kaɗan, illa dai suna cewa yaro ya fi saurin iya karatu da lissafi da harshen da yake ji, kuma wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin ɗaukar wani. Wannan ne matsayin UNESCO tun 1953. A Nijeriya an gwada shi a Ile-Ife daga 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi, kuma yaran suka yi fice, har a Ingilishin ba su gaza takwarorinsu ba. Adalci ne a ƙara da cewa waɗannan yara sun samu ƙwararrun malaman Ingilishi da littattafan da aka shirya musu na musamman, abin da makarantar ƙauye ba ta da shi. Malesiya ta bi ta ɗaya hanyar, ta mayar da lissafi da kimiyya zuwa Ingilishi a 2003, a 2009 kuma ta yanke shawarar janyewa, saboda yaran karkara sun koma baya kuma malamai da yawa ba su mallaki harshen ba.

Idan aka auna misalan gaba ɗaya, abu guda yana fitowa fili. Ƙasashen da suka fi ƙwarewa a Ingilishi alhali ba shi ne harshen uwarsu ba, irin su Holan da Suwidin da Norwe, da harsunansu suke koyar da yaran firamare. Singafo kuma, wadda ta yi nasara da Ingilishi zalla, ƙaramar ƙasa ce mai arziki da ta zuba kuɗi mai yawa a horar da malamai. A duka hanyoyin biyu malami ne ya raba gardama. Game da hujjar ministan Nijeriya, masu suka sun nuna cewa tsarin 2022 bai samu littattafai da malaman da zai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma waɗanda suka zauna WAEC a 2025 sun bar firamare tun kafin a kafa shi. Masu kare ministan suna amsawa da cewa a makarantun Arewa da dama an daɗe ana koyarwa da Hausa a aikace har zuwa sakandare, ko da doka ba ta ce haka ba, kuma sakamakon wannan ne ake gani.

Abin da zai shafi talaka

A ajin firamaren gwamnati a karkarar Katsina ko Jigawa, sanarwar Abuja ba za ta sauya bakin malami nan take ba. Abin da aka saba gani shi ne a rubuta darasi a allo da Ingilishi, a yi bayani da Hausa, yara su kwafa su haddace. Idan aka matsa wa malami ya bar bayanin Hausa ba tare da an ƙara masa horo ba, abin da zai ƙaru shi ne hadda ba fahimta. Idan kuma aka bar shi yadda yake, yaron zai tarar da shingen a gaba, domin ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Ingilishi, kuma duk wanda zai rubuta JAMB sai ya amsa takardar Ingilishi ko da Hausa ko Larabci yake son karantawa. Ɗalibi mai hazaƙa a lissafi yana iya maimaita jarrabawa shekara biyu ko uku saboda wannan darasi guda. Iyaye sun san haka, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake matse cikinsa ya kai ɗansa makarantar kuɗi ta unguwa, yana auna ingancinta da yadda yaron yake gaishe shi da Turanci.

Tasirin bai tsaya a makaranta ba. Takardar magani, yarjejeniyar bashin banki, sammacin kotu da fom ɗin neman tallafi duk da Ingilishi suke zuwa, kuma wanda bai iya ba dole ya dogara da wani, wani lokaci da biya. A ɗaya gefen, iya shi ya buɗe wa miliyoyi ƙofa: cibiyoyin amsa kiran abokan ciniki a Filifin da kamfanonin manhaja a Indiya da shi suka ginu, haka ma matasan Kano da Kaduna da suke yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet. Wannan ƙofar ce kuma likitoci da ma'aikatan jinya suke bi su tafi Birtaniya da Kanada, ƙasar da ta horar da su ta rasa su.

Ita Hausa ba ta cikin harsunan da Ingilishi yake barazanar shafewa. Tana ma ƙara yaɗuwa, kuma a jihohi irin su Bauchi da Filato ita ce take maye gurbin ƙananan harsuna. Abin da take fuskanta shi ne a taƙaita ta ga gida da kasuwa da wa'azi da nishaɗi, a bar likitanci da shari'a da injiniyanci ga wani harshe. Manhajojin fassara na zamani suna iya rage wannan giɓi ga mai son karanta takarda ko labari, sai dai ingancinsu ya dogara da yawan rubutun da ke akwai a kowane harshe, kuma a nan ma Ingilishi ne a gaba nesa ba kusa ba.

A Nijar lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin doka ta ba Ingilishi matsayin harshen aiki a ƙasar da ma'aikatanta da alƙalanta da malamanta da Faransanci suka yi karatu, kuma har yanzu shi ne harshen yawancin takardun gwamnati da na makarantu. Bukatar Ingilishi dai ta riga dokar zuwa: 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni sun daɗe suna hulɗa da bankuna da tashoshin ruwan Nijeriya, kuma tun 2013 aka buɗe jami'a mai zaman kanta da ke koyarwa da Ingilishi a Maraɗi. Ɗan firamaren Nijar yanzu yana da harsuna uku a gabansa idan Bahaushe ne, huɗu idan Bazabarme ne ko Bafulatani ko Buzu ko Babarbare, kuma yawan malaman Ingilishi da gwamnati za ta iya horarwa ta tura karkara shi ne zai nuna ko sabon matsayin zai wuce ofisoshin Yamai.